Daga Asuba Zuwa Kwanciya: Yadda Mai Bin Almasihu Zai Riƙe Addu'a a Kano

Duk wanda ya taɓa kwana a Kano ya san asuba ba ta zuwa a ɓoye. Wajen ƙarfe biyar ladanai za su ɗauka, wannan daga Fagge, wancan daga Gwagwarwa, har mu da ke Sabon Gari muna ji daga kan shimfiɗa. Jim kaɗan sai ƙarar buta da ta ƙofofi, maƙwabta sun fita, ko da tsakiyar hunturu ne ruwa ya yi kamar ƙanƙara. Na daɗe ina kallon wannan da girmamawa, yakan kuma sa in tambayi kaina da 'yan'uwana masu bi: mu da muke kiran Allah Uba, yaushe muke zama da shi?

Na yi shekaru ina koyar da ajin masu shirin baftisma a wata ikilisiyar Hausa a garin nan. Ban taɓa samun wanda ya ce addu'a ba ta da amfani ba. Abin da nake ji kullum shi ne, "Baba, ni fa in na durƙusa, minti biyu maganata ta ƙare," ko kuwa, "Baba, ina farawa barci ke kwashe ni." Babu abin kunya a nan. A Luka 11:1, ɗaya daga cikin almajiran Yesu ya jira har ya gama addu'a, sannan ya roƙe shi ya koya musu. Tun da har su sun nemi a koya musu, mu ma koyo za mu yi.

Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Ɗan'uwan da ba a ganinsa sai ranar da yake neman rance, da sunan dangi kawai ya rage. Haka bangaskiya take. Mutum zai iya zuwa sujada kowace Lahadi, ya ba da baiko da zakka, ya shiga ƙungiyar mawaƙa, amma muddin ba ya magana da Ubangiji shi kaɗai, a bakin wasu yake jin labarin Allah. Addu'a ita ce ƙafar wannan zumuncin. Yesu ya ce Uba ya san bukatunmu tun ba mu roƙa ba, saboda haka zuwanmu gabansa na ɗa ne da ya shigo gaida ubansa, ya zauna, ya faɗi damuwarsa, ya ji abin da za a ce masa. Ga yadda nake koya wa 'yan ajina su fara.

Mataki na farko: ka tsayar da lokaci

Wanda ya ce zai yi addu'a in ya samu sarari ba zai yi ba, domin Kano ba ta ba kowa sarari. Gari na wayewa mai ruwa yana ƙwanƙwasa ƙofa, yara na neman kuɗin tara, ga tsayuwar neman adaidaita sahu, ga shago na jira. Shi ya sa nake ba da shawarar asuba. Markus 1:35 ya nuna Yesu ya tashi tun da sauran duhu, ya fita wurin da ba kowa ya yi addu'a, kuma wannan ya biyo bayan daren da dukan gari ya taru a ƙofar gidan da yake. Da sanyin safiya ake kama fara. Mu a Kano ma an sauƙaƙa mana: kiran asuba ya zama agogonka. Ka ji shi, ka tashi.

Ka fara da minti goma. Na ga matasa sun dawo daga babban taro da zafinsu, sun ɗauki alkawarin awa biyu kowace rana, mako bai zagayo ba sun watsar, kunya kuma ta hana su sake farawa. Minti goma na kowace rana har wata guda ya fi wannan nesa. In ya zauna maka, ka ƙara biyar.

Ba kowa asuba za ta yi wa daidai ba. Ma'aikaciyar jinya da ta kwana a bakin aiki, mai gadi, mai gasa burodi, direban dogon zango, kowa ya duba ranarsa ya yanki lokacin da ya san nasa ne. Abin da ake so shi ne lokacin ya tsaya wuri ɗaya. Daniyel yakan durƙusa sau uku a rana, kuma sa'ad da aka kafa dokar hana roƙon kowa sai sarki, Littafi ya ce ya ci gaba kamar yadda ya saba. Wannan "ya saba" shi ne ya riƙe shi ranar da aka nufi ramin zakoki da shi, domin ba a fafe gora ranar tafiya. 'Yan'uwanmu Katolika sun riƙe wani abu mai kama da wannan, suna tsayawa gajeriyar addu'a da shida na safe, da tsakar rana, da shida na yamma.

Mataki na biyu: ka nemi wuri

A Matiyu 6:6 an ce mu shiga ɗaki mu rufe ƙofa. Na san mai karanta wannan watakila yana gidan haya, ɗaki ɗaya mutum shida, babu ƙofar da zai rufe shi kaɗai. Manufar maganar ita ce a kauce wa idon mutane. Bakin gado ya isa. Kusurwar baranda ta isa. Na san ɗan kasuwar da yake isa shagonsa kafin sauran 'yan layi, ya shiga ya ja ƙofa, ya yi addu'arsa a tsakanin kwalaye sannan ya buɗe.

Ka wanke fuska tukuna, ka tashi daga kwance, ka durƙusa ko ka zauna ko ka tsaya. Waya kuwa ka kashe mata data, in ma a cikinta kake karanta Littafi Mai Tsarki, domin saƙo ɗaya na WhatsApp ya isa ya cinye mintocin nan goma. Sai batun murya. A gidan da bango ɗaya ya raba ka da jariri mai barci, ɗaga murya da ƙarfe biyar ba ƙauna ba ce. Hannatu ta yi addu'a a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya ɗauka ta bugu, amma an ji ta, aka ba ta Sama'ila.

Mataki na uku: ka bari Allah ya fara magana

Yawancin masu cewa maganarsu na ƙarewa, da roƙo suke buɗe baki. Yaro mai ladabi in ya shiga wurin ubansa yakan saurara kafin ya kawo tasa. Ka buɗe Littafi ka karanta ɗan kaɗan, a hankali, sau biyu.

Ina so mu san darajar abin da ke hannunmu. A 1900 ayarin masu bishara na Bishop Tugwell ya iso Kano, Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya. A cikinsu akwai likita Walter Miller, wanda daga baya ya zauna a Zariya, ya kuma ba da shekaru masu yawa ga aikin fassara tare da wasu. Sai a 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa. Kakanninmu da yawa sun koyi karatun boko ne don kawai su iya karanta shi da kansu. Yau yana cikin wayar kowa, ga sababbin fassarori masu sauƙin Hausa.

Ga mai farawa, Zabura ce makarantar addu'a. Guda 150 ne, in kana ɗaukar ɗaya a rana za ka gama cikin wata biyar, sai dai ta 119 mai aya 176 ka raba ta kwana da yawa. Ka karanta, ka tsaya a ayar da ta taɓa ka, ka mayar wa Allah da ita da bakinka. In ka karanta Zabura 23 inda Dawuda ya ce Ubangiji makiyayinsa ne, sai ka ce, "Ya Uba, yau kuɗin haya ya tsaya mini a rai, ka yi kiwona a wannan." Shi ke nan, ka fara addu'a. Ranar da ka yi zunubi mai nauyi, Zabura 51 tana nan. Ranar tafiya a hanyar Kaduna ko ta Jos, ga 121. Ranar da kake jin an manta da kai, ga 13, wadda ta fara da tambayar har yaushe.

Mataki na huɗu: ka bi sawun Addu'ar Ubangiji

Duk mun haddace ta tun muna ajin Lahadi, har mukan zuba ta cikin numfashi biyu. Ni shawarata a warware ta, a ɗauki kowane layi a tsaya a kansa. Tana Matiyu 6:9-13, kuma ita kaɗai ta isa ta cika mintocinka.

"Ubanmu wanda ke cikin sama." Ka tsaya nan ka tuna wa kake magana da shi. Wanda ya tashi maraya, ko wanda mahaifinsa ya kasance mai tsanani, wannan kalmar kan yi masa nauyi, na kuwa ga manyan maza sun yi hawaye a kanta. Kada ka yi sauri. Lura kuma an ce Ubanmu, watau ko kai kaɗai ne a ɗaki, kana tsaye ne tare da dukan masu bi.

Sai tsarkake sunansa. Nan ne wurin yabo da godiya, kuma ka ambaci abubuwa da sunansu: an kwana lafiya, zazzaɓin yarinya ya sauka, jiya an yi ciniki. Godiyar da ba ta ambaci komai ba takan zama al'adar baki.

Daga nan mulkinsa da nufinsa. Ka shimfiɗa ranarka a gabansa, taron da za ka je, hukuncin da za ka yanke, auren da kake tunani, ka ce a yi nasa nufin. Wannan layin ya fi kowane wuya ga mai gaskiya, domin sau da yawa mun riga mun yanke abin da muke so, sa hannu kawai muke nema. Yesu da kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, sannan ya miƙa kai ga nufin Uba. Duka biyun addu'a ne, faɗin abin da kake so da kuma sakin sa.

"Ka ba mu yau abincin yini." Kada kowa ya sa ka ji kunyar roƙon kwanon masara, kuɗin makaranta, aikin yi, ko maganin mahaifiya. Wanda ya san yadda farashi ke hawa a kasuwannin Dawanau da Singa ya san wannan roƙon ba wasa ba ne. Amma na yini aka ce. Ana koya mana mu dawo gobe mu sake roƙo, kamar yadda Isra'ilawa suke tsintar manna, abincin da Allah yake saukar musu, da safe a jeji.

Sai gafara, inda na fi so in daɗe. Kashi na farko, ka furta zunubinka, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. "Ka gafarta mana zunubanmu" a dunƙule abu ne mai sauƙi. Ka ce, "Jiya na yi wa mai saye ƙarya a kan kuɗin da na saro kaya," ko "Na yi wa matata tsawa a gaban yara." Mai karɓar harajin nan na Luka 18 ko ɗaga ido bai iya ba, jinƙai kawai ya roƙa, shi ne kuwa ya koma gida baratacce. Kashi na biyu shi ne namu yafewar. Ni kaina na yi wata uku ina tsallake wannan layin, saboda wani ɗan'uwa da ya ci amanata a kuɗin adashi, muna kuma zama a majami'a ɗaya. A watannin nan addu'ata ta bushe ƙamas. Ranar da na iya ambaton sunansa a gaban Allah na roƙa masa alheri, kuɗina bai dawo ba, amma bakina ya buɗe. Yesu ya ce in kana miƙa baiko ka tuna ɗan'uwanka yana da wata magana game da kai, ka ajiye baikon ka je ku shirya tukuna. Wani lokaci ƙarshen addu'ar safe shi ne ka ɗauki waya ka kira mutum.

Na ƙarshe, jaraba da Mugun. Kowa ya san inda bangonsa ya tsage, ko kwalba ce, ko caca a waya, ko wata mace, ko cin hanci a ofis, ko zafin zuciya. Ka ambace shi da safe tun kafin ka iske shi da rana.

Mataki na biyar: ka ɗauki wasu a bakinka

Sau nawa muke ce wa mutum "zan sa ka a addu'a" mu manta kafin mu kai bakin titi? Ka sayi ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A hagu ka rubuta suna da bukata da kwanan wata, dama kuma ka bar ta don ranar da amsa ta zo. Bayan shekara ka buɗe ka gani. Don kada jerin ya yi maka yawa, ka raba shi bisa kwanaki: wata rana iyali, wata rana fasto da dattawa da masu bishara a ƙauyukan Rano da Sumaila da Tudun Wada, wata rana marasa lafiya da gwauraye da marayu, wata rana maƙwabta da abokan kasuwa.

Ka keɓe rana guda domin Kano kanta. Irmiya 29:7 ya umarci mutanen da aka kai bauta Babila su nemi zaman lafiyar birnin su yi masa addu'a, domin lafiyarsa ita ce tasu. In an faɗa wa baƙi haka, balle mu da aka binne cibiyarmu a nan. Bulus kuma ya ce wa Timoti a yi addu'a domin sarakuna da dukan masu mulki, saboda haka gwamna da sarki da mai unguwa suna da wuri a littafinka, ko ka zaɓe su ko ba ka zaɓe su ba.

Garin nan ya ga kwanaki masu zafi. Ba mu manta hare-haren 20 ga Janairu 2012 ba, da harin da aka kai wa masu sujada a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero a Afrilun shekarar, da na tashar mota ta Sabon Gari a Maris 2013, da na babban masallacin Juma'a na cikin gari a Nuwamba 2014. Kirista ya yi kuka, Musulmi ya yi kuka. Akwai gidajen da har yau kujera ɗaya ba kowa a kanta. Ga irin waɗannan gidajen, umarnin Matiyu 5:44 na yin addu'a domin masu tsananta mana dutse ne mai nauyi, ba na kuwa gaggauta kowa. In ba za ka iya ba tukuna, ka faɗa wa Allah hakan, ka roƙe shi ya ba ka ikon. Daga nan ake farawa.

Mataki na shida: ka yayyafa ta cikin yini

Bulus ya ce a yi addu'a ba fasawa. Nehemiya yana tsaye gaban sarki, an yi masa tambaya, ya yi addu'a a zuci kafin ya amsa. Kai ma a cikin cunkoson Bata ko Kwari, kafin ka shiga ofishin maigida, kafin ka mayar wa wanda ya zage ka, kalma huɗu sun isa: "Ya Yesu, taimake ni."

Mataki na bakwai: gida da ikilisiya

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bayan abincin dare ka tara iyali na minti goma sha biyar: waƙa ɗaya, karatu gajere, sannan kowa ya yi addu'a da jimla ɗaya ko biyu, har ƙaramin cikinsu. Maigida, kada ka mai da shi wa'azi, kada kuma ya zama wurin yi wa yara faɗa, in ba haka ba za su tashi suna gudunsa. Ke 'yar'uwa da mijinki ba ya tsayawa, ki fara da yaran, ki bar masa wuri a tabarma ba tare da gori ba.

Taron addu'a na tsakiyar mako shi ne wanda ya fi ƙarancin mutane a yawancin majami'unmu, abin kuwa yana damuna. Iyayenmu na zumuntar mata su ne suka riƙe shi shekara da shekaru. Ka je ka zauna kusa da su, za ka koyi addu'a fiye da yadda kowane darasi zai koya maka. Sa'ad da Hirudus ya kulle Bitrus, ikilisiya taruwa ta yi a gidan Maryamu uwar Markus, suna cikin addu'a ya ƙwanƙwasa ƙofa. Ka kuma nemi mutum ɗaya amintacce, namiji ga namiji, mace ga mace, wanda zai riƙa tambayarka yadda addu'arka take tafiya.

Azumi yana taimakawa, ko na kwana arba'in da ke farawa Larabar Toka ga masu kiyaye shi, ko na yini guda da mutum ya ɗaukar wa kansa. Ka fara da barin abinci ɗaya, lokacin cinsa ka ba addu'a, kuɗinsa ka ba mabukaci. A zafin Maris da Afrilu na Kano kada ka hana kanka ruwa don nuna ƙarfi. Mai ciwon suga, mai gyambon ciki, mai juna biyu da mai shayarwa su tambayi likita tukuna. Ka wanke fuska ka shafa mai, kamar yadda Yesu ya ce, kada unguwa ta sani.

In shiru ya yi yawa

Zai zo. Akwai makonnin da za ka ji kamar maganarka ba ta wuce rufin ɗaki. Akwai roƙon da za ka shekara goma kana yi, haihuwa ko warkewa ko tuban ɗa, dama ta littafinka tana nan fara. Bulus ya roƙa sau uku a cire masa ƙaya daga jiki, amsar da ya samu ita ce alherin Ubangiji ya ishe shi. Gwauruwar Luka 18 kuwa nacinta ne ya sa alƙali ya bi mata hakki, an kuma ba da misalin ne don kada mu karai. Ba ni da ma'aunin da zan gaya maka wanne ne naka a cikin biyun. Abin da na gani shi ne waɗanda suka ci gaba da zuwa sun fita daga wannan lokacin da bangaskiya mai jijiya. Ranar da kalma ta ƙi fitowa, ka zauna shiru a gabansa, Romawa 8:26 ta ce Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa.

A irin wannan lokacin ne masu sayar da addu'a suke samun kasuwa. Duk wanda ya yanka maka farashi kafin ya yi maka addu'a, ko ya sayar maka da mai ko ruwa a matsayin maganin matsalarka, ko ya ce mahaifiyarka ce ta ɗaure ka, ko ya hana ka shan maganin asibiti, ka tashi ka bar wurin. Na ga gidajen da irin wannan ya raba, na ga mai hawan jini da ya ajiye ƙwayoyinsa ya faɗi. Wasiƙar Yakubu ta ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a, bai ambaci kuɗi ba. Ka yi addu'a, ka je asibiti, ka yi wa likitan ma addu'a.

In ka tsallake kwana ɗaya ko mako guda, kada ka tsaya lissafin ramuwa. Washegari ka koma wurinka ka ɗora daga Zaburar da ka tsaya.

Da dare kuma, kafin ka kwanta, minti uku sun isa. Ka waiwayi yinin, ka ambaci abu biyu na godiya, ka furta inda ka kauce, ka damƙa gidan da mutanensa a hannun Ubangiji. Zabura 4:8 ta dace da wannan lokacin, inda Dawuda ya ce zai kwanta ya yi barci lafiya domin Ubangiji ne kaɗai ke kiyaye shi. Sannan ka sa alama a inda za ka karanta gobe, ka ajiye Littafin da littafin sunaye da tocila kusa da matashinka, don in ladan ya kira babu wuta, hannunka ya same su ba sai ka tashi kowa ba.